Shin Khal Yana Rage Ƙiba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Tun bayan haihuwata ta uku jikina ya buɗe, kuma ƙawayena sun ba ni shawarar in riƙa shan khal na tuffa kowace safiya kafin in karya kumallo, wai yana narkar da kitsen tumbi. Shin akwai gaskiya a cikin wannan magana? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Maganar tana da ƙanshin gaskiya, amma an zuzuta ta fiye da kima. Binciken da aka fi kafa hujja da shi an wallafa shi ne a Japan a shekarar 2009, inda masu ƙiba suka riƙa shan cokali ɗaya ko biyu na khal a cikin ruwa kullum har tsawon mako 12, kuma abin da suka rage bai wuce kilo ɗaya zuwa biyu ba. Da suka daina sha, cikin mako huɗu nauyin ya dawo. Ya kamata kuma a sani cewa ma'aikatan wani kamfanin sarrafa khal ne suka gudanar da binciken.

Khal ba ya narkar da kitse. Abin da tsaminsa yake yi shi ne jinkirta fitar abinci daga ciki, sai mutum ya daɗe bai ji yunwa ba, wani lokacin ma tashin zuciya ne kawai yake hana shi ci. Hadisin da masu sayar da shi suke yawan kawowa, wanda yake cikin Sahihu Muslim, ya yabi khal ne a matsayin mahaɗin abinci, bai ambaci rage ƙiba ba.

Abin da ya fi damuna a tambayarki shi ne shan sa kafin karin kumallo, domin tsaminsa yana cinye ƙarfin haƙori, yana ƙona maƙogwaro, kuma yana iya tayar da ciwon mai gyambon ciki ko ƙwannafi. Mai shan maganin ciwon suga, ko maganin hawan jini mai sa yawan fitsari, kada ta fara sai ta tuntuɓi likita. Idan lafiyarki ƙalau kuma kina son gwadawa, ki zuba cokali ɗaya a babban kofin ruwa, ki sha tare da abinci, sannan ki kurkure baki, amma rage malmalar tuwon dare da barin lemon kwalba za su fi yi miki aiki.