Amsa: Bidiyon gidan haya yana fitowa da duhu

Malam, ka ce bidiyon gidajen da kake ɗorawa a WhatsApp duhu yake yi, kuma ba a kiranka. Yawanci haske ne matsalar. Ka ɗauka da hantsi, ka ɗage labule, ka juya wa taga baya. In ka fuskance ta, ɗakin zai fito da duhu. Riƙe waya a tsaye daidai ƙirji, ka taka a hankali daga ƙofar gida zuwa falo, ɗakuna, kicin da banɗaki. Buɗe famfo a ga ruwa na zuba, ka nuna mita, don su mai haya ke fara tambaya. Minti 1 ya isa. Rubuta unguwa, kuɗin shekara da lambarka tun farkon bidiyon. Kada ka ɓoye tsagewar bango, ranar duba gida za a gani.