Amsa Ga Ɗana Kan Takobin Mai Masaukinsa a Japan

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma na yi murmushi da na karanta shi, daga baya murmushin ya koma damuwa. Ka ce dattijon da kake zaune a gidansa ya fito maka da takobin da ya gada, ya sunkuyar masa da kai, ya hana ka magana har ya mayar da shi kube, kana tambayar ko dole ne kai ma ka sunkuya, kuma kana son ka goge masa tsatsar da ka gani a gindin ƙarfen da ke shiga cikin ƙota. Ina roƙonka da girman Allah kada ka taɓa wannan tsatsa.

A shekarun 1980 aka tura ni ƙasar kwas na gyaran injina, kuma da malamanmu suka ji cewa ni jikan maƙeri ne, sai suka kai ni garin Seki da ke lardin Gifu, wurin wani tsohon maƙerin takubba. Mun same shi da almajiransa cikin fararen kaya, sun riga sun gama ninke ƙarfen, wanda akan buga a naɗe, a sake bugawa, sau goma zuwa goma sha biyar har dattinsa ya fita. Ƙarfen kansa daga baƙin yashi ake narko shi da gawayi, kwana uku dare da rana, a tanderun ƙasa irin wanda aka farfaɗo da shi a lardin Shimane a 1977. Da duhu ya yi, sai tsohon ya ɗauko takobin da ya shafe da yumɓu, mai kauri a baya, siriri a kaifi, ya sa aka kashe fitilu duka. Ba a jin komai sai numfashin zuga-zugi. Yana tura ƙarfen cikin garwashi yana jawo shi, idonsa na kan launinsa kawai, kuma babu wanda ya yi ko tari, har lokacin da ya fizgo shi ya tsoma cikin ruwa. A cikin ruwan nan takobin ya lanƙwashe da kansa, kuma a nan ne zanen da ke bin kaifi kamar igiyar ruwa yake samuwa. Da ya yi kuskuren ƙiftawar ido, da aikin makonni ya tsage.

A wannan dare na tuna kakanka. Yakan ce da zafi-zafi ake bugun ƙarfe, amma mai surutu a maƙera shi ne wuta ke fara ci, kuma bai taɓa barin yaro ya tsallake uwar maƙera ba. Shirun da aka sa ka yi yana da dalili a fili: ɗigon yawu ɗaya ko gumin yatsa yana haifar da tsatsa a kan ƙarfen da aka yi ɗaruruwan shekaru ana shafa masa mai. Gindin kuwa da gangan ake barinsa, domin a nan maƙeri yake sassaƙa sunansa, kuma da launin tsatsar masana suke gane shekarun takobi. Wanda ya goge ta ya zubar da darajarsa.

Ku yaran yau kuna son komai ya yi ƙyalli, kuma hannunku yana riga tambayarku isa wurin abu. Ka san cewa a 1876 aka hana yawo da takobi a ƙasar, bayan yaƙin duniya da ya ƙare a 1945 kuma aka ƙwace masu ɗimbin yawa, har wani shahararre na Masamune, maƙerin garin Kamakura, ya ɓace bayan an miƙa shi ga 'yan sanda. Sai a 1953 aka sake ba da izinin ƙira, kuma har yau sai mutum ya yi shekara biyar yana almajirci kafin ya samu lasisi. Abin da ya tsallake duk wannan ne aka ɗora a gabanka.

Batun sunkuyawa kuwa, wannan ka kai wa malaminka, domin shi ya fi ni sanin hukuncinsa. Ni dai a Seki na tsaya a nutse, hannuwana a haɗe, kuma tsohon bai nuna ya ji haushi ba. Idan dattijon ya sake fito da shi, ka tambaye shi sunan da ke rubuce a gindin da kuma lardin da aka ƙera shi, ka rubuto mini.

Baffanka.