Ina Zaki Ya Gamu Da Tibin Shanu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Makon jiya na yanka wani bijimi da aka sauko da shi daga Bawku, sai jami'in duba nama ya ga ƙullutai a huhun, ya ce tibi ne, ya hana naman. Har yake ce mini wai ciwon nan zakuna ma yana kashewa a dawa. Zakin da ba ya kwana a garke, ina ya gamu da shi? Daga wani mahauci a Aboabo, Kumasi.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya mayar da alheri, na san asarar bijimi ba ƙaramar magana ba ce. Amma jami'in nan bai yi maka ƙarya ba.

Zaki a bakinsa ya ɗauko, tsakaninsa da saniyarka kuwa akwai ɗan aike, wato ɓauna. Inda aka fi bin diddigin abin shi ne gandun dajin Kruger na Afirka ta Kudu. A 1990 aka fara gano ciwon a jikin ɓauna, kuma masana na ganin tun wajen shekarun 1950 zuwa 1960 ya shigo daga shanun gonakin da ke kudancin gandun. Ka ga ke nan daga gida ya tafi dawa, ba daga dawa ya zo gida ba.

Ɓauna dangin saniya ce, ɗaruruwa suke tafiya a garke, hanci na gogar hanci, su sha a tafki ɗaya. Mai ciwon takan yi shekaru tana kiwo lafiya lau a ido, tana tari tana rabawa. Ƙwayar kuma tana da taurin rai, takan yi makonni a laka da kashin dabba in akwai inuwa da danshi. Ga bajimai masu barin wannan garke su shiga wancan. A haka, sannu a hankali, ciwon ya ratsa gandun daga kudu zuwa arewa, ya haura har gandun dajin Gonarezhou a Zimbabuwe.

To wace ɓauna zaki ke kamawa? Wadda ta rame, ta zama kurar baya a garke. Ya fasa ƙirji, ya ci huhu, inda ƙwayar ta yi sansani. A 1995 aka tabbatar da ciwon a zakunan Kruger. Abin da zaki ya rage, kura ta ƙarasa. An samu ciwon a damisa, da gadu mai tonon ƙasa, da gwaggon biri, har da karkanda.

Mu a nan in muna zargin garke, allura muke yi a fatar wuya, mu dawo bayan kwana 3 mu duba kumburi, wadda ta kamu a fitar da ita. Wa zai tara ɓauna dubu a turke ya yi musu haka? Shi ya sa hankalina ke tashi duk lokacin da na ji makiyaya na kora shanu gefen gandun Mole na arewacin Ghana da rani, domin can ma akwai ɓauna da gadu.

Abin da ya fi damuna dai yana nan cikin Zango. Na sha ganin an jefa wa karnuka huhun da aka hana, ko a yanke wurin ƙullutun a sayar da sauran ga masu tsire. Abin da zaki ya yi ke nan, sai dai shi ba shi da jami'in da zai hana shi. Ciwon na kama mutum, galibi ta ɗanyen nono, yakan fito da kaluluwa a wuya, musamman ga yara. Ku tafasa madara kafin a kwana da ita. Kai kuma da ke cusa hannu cikin ƙirjin shanu kullum, in kana da yanka a yatsa ka rufe shi, in tari ya wuce maka mako 2 ka je a gwada majinarka.