Shaƙar oksijin da ya zama ruwa

Malam, ka tambaya ko mutum zai iya numfashi da oksijin idan ya zama ruwa. Ko kusa. Ba ya zama ruwa sai sanyi ya kai digiri 183 ƙasa da sifili, hunturun Haɗeja wasan yara ne a kansa. Yana shiga maƙogwaro zai daskarar da huhu nan take. Tukunyar oksijin ta mai waldan kasuwarku ma iska ce aka matse a ciki, ba ruwa ba.

Amma akwai wani ruwan daban, perfluorocarbon, mai riƙe oksijin sosai. A 1966 a Amurka, wani masanin kimiyya, Leland Clark, ya nutsar da ɓeraye a cikinsa, suka yi numfashi da shi, suka rayu. An gwada shi kan jarirai bakwaini da taimakon inji. Matsalarsa nauyi, ya kusan ninka na ruwan sha, ƙirji ba ya iya turo shi waje, sai gurɓatacciyar iska ta taru a jini.