Daga ina ruwan gudawar kwalara yake fitowa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. A daminar bara ƙanena ya kamu da kwalara a ƙauyenmu da ke kusa da Ringim. Ya wuni bai sa komai a bakinsa ba, amma gudawa fara kamar ruwan wankin shinkafa ta yi ta zuba har idanunsa suka faɗa. Daga ina ruwan nan yake fitowa, alhali cikinsa babu komai? Daga wani manomi a Jihar Jigawa.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah Ya ƙara masa lafiya. Ruwan jikinsa ne, daga jini yake tsiyayowa cikin hanji. Ƙwayar cutar ba ta huda hanji, maƙalewa take yi a bangon ƙaramin hanji tana fitar da dafi, wanda wani likitan Indiya, Sambhu Nath De, ya tabbatar da samuwarsa a 1959. Dafin yana buɗe ƙofofin da gishiri ke fita ta cikinsu ya hana su rufuwa, ruwa kuwa gishiri yake bi, har babban mutum yakan zubar da lita guda cikin awa ɗaya idan cutar ta tsananta.

Sai dai dafin ba shi kaɗai yake ɓarnar ba. A bangon hanji akwai miliyoyin jijiyoyin saƙo da ke aikinsu ba tare da jiran umarnin ƙwaƙwalwa ba. Dafin yana tsokanar wasu ƙwayoyin hanji su saki sinadarin serotonin, shi kuma ya tashi jijiyoyin, su umarci bangon hanjin ya ƙara zubo gishiri da ruwa. A farkon shekarun 1980, Ove Lundgren da abokan aikinsa a Suwidin sun gwada wannan a kan kuliyoyi da ɓeraye, kuma da suka sa maganin da ke kashe saƙon jijiya, sai ruwan ya ragu da fiye da rabi. A ganina wannan dabarar jiki ce ta wanke hanji daga abin da zai cutar da shi, dafin ne ya karɓe linzaminta.

Saboda haka kada a ruga kemis neman ƙwayar tsayar da gudawa, domin motsin hanji take ragewa, ƙwayar cutar kuwa tana nan ciki tana aikinta. Hanyar da sukari ke jan gishiri da ruwa su koma jini dafin bai taɓa ta ba, shi ya sa ruwan gishiri da sukari yake ceton rai. A narkar da ƙunshi ɗaya na garin gishiri da sukari (ORS) a lita guda ta tafasasshen ruwan da ya huce, a riƙa ba mara lafiyar kurɓi-kurɓi ana kan hanyar asibiti, inda za a yi masa ƙarin ruwa idan amai ya hana shi sha.