Kafa ɗaya muke so, ba biyu ba

Auwalu, ka tambaye ni dalilin da ya sa jiya, a gwajinmu na auna wucewar DNA ta ƙaramar kafa, na ce ka fasa tantanin maiƙon da ya raba ruwan gishirin gida biyu ka sake shafa wani, alhali lantarki ya tashi daga 120 ya kai 240, kai kuma kana ta murna wai aiki ya ninku. To, saurara.

Furotin ɗin da kake ɗigawa, alfa-hemolisin, dafi ne na ƙwayar cutar Staphylococcus aureus, da shi take huda jajayen ƙwayoyin jini. Guda bakwai suke haɗuwa su yi zobe, su nutse cikin tantanin maiƙo, su bar kafa a tsakiya. Wurin da ta fi tsukewa kusan nanomita 1.4 ne. Silin DNA guda yana wucewa da ƙyar, mai tufka biyu kuwa ba ya shiga. Mu aro muka yi, ƙwayar cutar ba don mu ta ƙera ba.

Tantani lafiyayye ba ya barin lantarki ya ƙetare, shi ya sa kake ganin sifiri da farko. Da gishirin fotashiyam kulorayid mola ɗaya da milibolt 120, kafa ɗaya in ta buɗe za ka ga layi ya yi tsalle zuwa wajen pikoamfiya 120, wato ma'aunin lantarkin da ke bi ta kafar, ya tsaya cak. Ka taɓa sauraron indararo ana ruwan sama? In ganye ya bi ta ciki, zubar ruwan takan ragu na ɗan lokaci, sannan ta dawo. Aikinmu ke nan. Ba ma ganin abin da ya wuce, raguwar muke aunawa: zurfinta, da tsawon lokacinta, da yawan zuwanta. Da haka Kasianowicz da Branton da Deamer da abokin aikinsu Brandin suka nuna a 1996 cewa ana iya jin wucewar silin DNA ɗaya tak.

Yanzu ka sa indararo biyu suna zuba a bokiti guda. Ruwa ya ragu. Wanne ne ya toshe? Ganye babba ne a ɗaya, ko ƙanana biyu ne suka faɗa lokaci guda? Ba ka da amsa. 240 ɗinka kafa biyu ce, kuma na'ura jimlarsu take ba ka. Akwai masu lallaɓawa su yi lissafi da hakan, ni dai ban yarda da sakamakon da sai an yi masa rantsuwa ba.

Laifin ba na hannunka kaɗai ba ne, furotin ka cika. Ɗan mitsitsi ake sawa, a gefe ɗaya, a jira. Wani lokaci minti biyu, wani lokaci sai ka sha shayi ka dawo. Da ka ga tsallen farko, maza ka sauya ruwan gefen nan da sabo kafin wata ta shiga, a hankali, don gaggawa na fasa tantani. In kuma tsallen bai kai yadda aka saba ba, ko layin yana rawa, kada ka zuba samfur. Duba murfin kejin ƙarfen nan mai tare hayaniyar lantarki, ka duba wayoyin azurfa, sannan ka zargi kafar.

Kada kuma ka ɗauka wannan kafa za ta karanta maka harufan DNA. Bututunta ya yi tsawo, harufa goma da wani abu ke ciki lokaci guda, ga gudu, kowane harafi 'yan mikrodaƙiƙa. Shi ya sa su Gundlach a Jami'ar Washington suka koma MspA, wani furotin mai kafa amma mai gajeren wuya, aka kuma sa enzayim ya riƙe silin yana sakinsa kaɗan-kaɗan. Wannan sai ka iya tsayar da kafa ɗaya awa guda tukuna.

Gobe ka zo da wuri, ka rage furotin ɗin zuwa kashi ɗaya cikin goma na jiya.