Nura, ga amsar tambayarka kan fim ɗin tsoro na balaga

Nura, na ji tambayar da ka yi mini a kasuwar Gujungu, sai dai cikin hayaniyar nan ba a amsa irinta. Ka ce ka kalli wani fim na ƙasar Kanada a wayarka, Ginger Snaps, inda wata dabba ta ciji yarinya a daren da ta fara ganin al'ada, daga nan ta riƙa rikiɗewa tana zama kerkeci. Kana son sanin ko mu ma za mu iya yin irinsa a nan, da kyamararmu ta ɗaukar biki, ba tare da mun ɓata da iyaye ko hukuma ba. Za mu iya, ɗana. Amma sai ka fara gane abin da ya tsorata ka a ciki, don ba kerkecin ba ne.

Fim ɗin na shekarar 2000 ne, kuma ba shi ya buɗe wannan hanya ba. Tun 1976 Brian De Palma ya yi Carrie a Amurka, daga littafin Stephen King. A farkonsa yarinya ta ga jini a wurin wankan makaranta, ta ɗauka mutuwa ce ta zo, domin uwarta ba ta taɓa gaya mata komai ba, 'yan ajinsu kuma suka taru suna yi mata dariya. A wurina wannan ya fi gobarar ƙarshen fim ɗin tayar da hankali. Jikin yaro yana canzawa, shi kaɗai ya sani, kuma babu babban da zai tunkara. Nan tsoron yake, dodon kawai riga aka sa masa.

To, wannan tsoron ba sai mun aro shi ba. A garin nan akwai yarinyar da ke wanke zanenta da tsakar dare, ta shanya shi a bayan rumbu don kada a gani. Akwai yaron da ya farka daga mafarkin balaga, ya ƙi gaya wa kowa, yana zaton aljana ce ta aure shi. Abin da ke damuna shi ne dukansu sun biya babin haila da na wanka a Ahalari, wasu har Risala, sun haddace da baki, amma ba wanda ya zaunar da su ya ce wannan karatun fa a kanku yake magana. Ka tambayi manya labarin Sumbuka, lokacin da 'yan mata suka riƙa faɗuwa a makarantun sakandare na Kano a shekarun 1990. Ni ba zan yanke hukunci a kan musabbabinsa ba, amma ka lura da shekarun waɗanda abin ya fi kamawa.

Kerkeci ba namu ba ne, ka bar shi. Mu muna da labarin mutumin da ke rikiɗa ya zama kura, muna da tsohuwar kuka da ba a bi ta gindinta da magariba. Ka ɗauki kura, amma kada ka nuna ta. Ba mu da kuɗin ƙera fuska, kuma da zarar ka sa wa mutum fata da haƙoran roba, yaran gidan kallo dariya za su yi. Ka nuna sawunta a kan yashi da asuba, ya zo har ƙofar ɗakin yarinyar, bai wuce ba. Ka nuna turken da aka wayi gari babu akuya. Ka nuna kakarta tana kallonta, ta buɗe baki za ta yi magana, ta fasa. Ka bar kyamara a kan fuskar tsohuwar nan fiye da yadda kake ganin ya dace.

Rabin aikin a kunne yake. Ka fita da dare ka naɗi iskar hunturu tana bi ta cikin karan dawa, da kukan mujiya, da ƙarar ƙyauren langa-langa. Sautin daka ma yana aiki: tabarya tana bugawa, sai ta tsaya cak babu dalili. Kiɗa kaɗan ya isa. Janareta kuwa a kai shi nesa, a ja doguwar waya, in ba haka ba zai cinye maka komai. Haske ɗaya kawai, fitilar ƙwai ko tocila, daga gefe, rabin fuska a duhu. Jini kuma zoɓo ne mai kauri da ɗan sitaci, ɗigo a bakin zane ya wadatar.

Akwai abin da ba zan sassauta maka ba. Kyamara ba ta da hurumi a jikin yarinya. Babu wurin wanka, babu canza kaya, babu bin jiki da ido. Wadda za ta fito a matsayin yarinyar ta zama baliga wadda ta haura 18, mai ƙaramin jiki, da yardar waliyyinta, kuma wata babbar mace tana wurin duk lokacin ɗauka. Fim ɗin da ya ce yana tausayin yarinya amma ya sayar da jikinta ga 'yan kallo, ya zama shi ne kurar.

Batun hukuma kuwa, ko da a Jigawa muka ɗauka, kasuwarmu Kano ce, kuma Hukumar Tace Fina-finai ta Kano tana nan tun 2001. Ka kai musu labarin a rubuce kafin ka kunna kyamara. Ka gaida mai gari da liman, ka gaya musu gaskiyar abin da za ka yi. In aka ce maganar ta kunya ce, ka tuna musu cikin ladabi cewa Ummu Sulaim ta tambayi Annabi (SAW) game da mafarkin mace, ta fara da cewa Allah ba Ya jin kunyar gaskiya, kuma an ba ta amsa.

A finafinan nan biyu yarinyar mutuwa take yi. Ni ba na son haka a namu, ba na kuma son a rufe da malami yana wa'azi. Ina so kakar ta ƙarasa maganar da ta fasa. Ka je wurin Goggonka, in ta yarda ta gaya maka yadda aka yi mata bayani a zamaninsu, ko yadda ba a yi ba. Ka rubuta wannan zaman na kaka da jika tukuna, ka kawo mini tare da sautukan da ka naɗa, mu saurara kafin mu nemi 'yan wasa.